Yadda Madubin Likita Ke Haɗa Hoto, da Yadda Za Ka Saita Shi Har Ƙwayar Maleriya Ta Bayyana

Wata rana da damina, lokacin da layin masu zazzaɓi kan kai har bakin ƙofa, wani ɗalibi da ke koyon aiki a ɗakin gwaje-gwajenmu ya duba jinin wata yarinya 'yar shekara 4, ya rubuta cewa bai ga komai ba. Uwar na zaune a waje riƙe da ita, jiki zafi rau. Hankalina bai kwanta ba, sai na zauna a kujerarsa. Ban canza silaid, wato ɗan gilashin da aka shafa jinin a kai, ba, ban sake rini ba. Kwandensa, wato gilashin da ke tara haske a ƙarƙashin teburin silaid, kawai na ɗaga sama, na buɗe ƙofar haskenta, sai ga ƙwayoyin maleriya birjik tun a filin farko. Yaron nan ba malalaci ba ne, idonsa ma ya fi nawa gani. Abin da ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ba shi ne hanyar da haske ke bi daga fitila har ya shiga ido. Tun daga ranar ba na barin ɗalibi ya taɓa jinin kowa sai mun yi wannan darasi tare.

Abin da gilashi ke yi wa haske

Ka tsoma muciya a randa mai ruwa, ka dube ta daga gefe, za ka ga kamar ta karye daidai inda ta shiga ruwan. Muciya lafiyarta lau, hasken ne ya lanƙwashe. Gudun haske a cikin ruwa bai kai gudunsa a iska ba, a cikin gilashi ma ya fi raguwa, don haka duk sa'ad da ya tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya a karkace, sai ya canza hanya. Masana sun ba kowane abu lambar ƙarfin lanƙwasa haske: iska 1, ruwa 1.33, gilashin silaid kimanin 1.515. Ka riƙe lambar nan ta ƙarshe, za mu nemi ta idan mun zo kan mai. Malam Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara 1000 da suka wuce, ya yi nazarin wannan lanƙwasa, ya kuma kafa hujja cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Mai aiki da madubi ya sa wannan a ransa: abin da haske bai ɗauko ya kawo maka ba, ba za ka gan shi ba komai zare ido.

Yanzu nemo gilashin ƙara girma, irin mai kauri a tsakiya siriri a gefe, wanda yara ke ƙona takarda da shi a rana. Aiki iri biyu yake yi, kuma ina so ka gwada kowanne da hannunka.

Shiga ɗaki mai ɗan duhu da rana, ka riƙe gilashin yana fuskantar taga, ka sa farar takarda a bayansa, kana matsar da ita gaba da baya. A wani wuri za ka ga taga da itacen da ke waje sun fito a kan takardar, amma a juye, sama ta koma ƙasa. Hoton nan na gaske ne. Ko ka janye takardar yana nan a rataye cikin iska, a wurin da hasken ya haɗu. Sannan ka kawo gilashin dab da rubutu ka leƙa ta cikinsa: rubutun ya yi girma, bai juye ba, amma wannan karon babu inda za ka aza takarda ka kama shi, ido kaɗai ke ganinsa.

Madubin likita waɗannan ayyuka biyu ne aka jera. Gilashin ƙasa, wanda ke kusa da silaid, shi ke aikin farko: ya tara hasken da ya ratso jini, ya haɗa hoto na gaske, babba kuma a juye, a can sama cikin bututun madubi. Gilashin ido kuwa bai san da silaid ba sam. Wancan hoto da ke rataye cikin bututu shi yake leƙawa ya ƙara masa girma. Shi ya sa ake ninka lambobin biyu: gilashin ƙasa mai 100 da na ido mai 10 sun ba ka 1000. Idan ka ga an rubuta 160 a jikin gilashin ƙasa, tsawon bututun da aka ƙera shi dominsa ke nan, milimita 160. Sababbin madubai kan zo da alamar ∞, ma'ana hasken na fita daga gilashin ƙasa a miƙe, sai wani gilashi a cikin bututu ya haɗa hoton. Kada ka ɗauki gilashin wannan ka ɗaura a wancan.

Juyewar hoto ita ke rikita sabon hannu: ka tura silaid dama, hoto ya tafi hagu. Yanko harafin ɗ daga tsohuwar jarida, ka aza a silaid da ɗigon ruwa, ka duba da gilashi mafi ƙanƙanta. Za ka tarar da lanƙwasar da ke samansa ta koma ƙasa. Yi ta tura shi har hannunka ya saba.

Me ya sa girma kaɗai bai isa ba

Tambayar farko da kowane ɗalibi ke yi ita ce sau nawa madubin ke ƙara girma. Tambayar da ta fi ta amfani ita ce: ɗigo biyu da ke kusa da juna, yaya kusancinsu zai kai kafin madubi ya haɗe su ya nuna maka ɗaya? Wanda ya ɗauki hoto dishi-dishi da waya ya san komai buɗe shi da yatsu ba ya ƙara fitowa, dishi-dishin ne ke ƙara girma. Haka gilashin ido yake. Abin da gilashin ƙasa bai kamo ba, shi ba zai ƙirƙiro shi ba.

Wanda ya warware wannan shi ne Ernst Abbe, Bajamushen da ya yi aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena, a shekarar 1873. Kafin shi an daɗe ana kallon ƙananan halittu. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ga ƙwayoyin bakteriya a 1676 da gilashi ƙwaya ɗaya tak da ya gyara da hannunsa. Amma ƙera madubi ya kasance aikin gwaji da dace har zuwa zamanin Abbe.

Ga abin da ya gano. Haske yana da zango, kamar yadda masu sauraren rediyo suka san gajeren zango mita 19 ko mita 25, sai dai zangon haske ƙanƙane ne ainun: na koren haske kimanin maikuromita 0.55, ita kuwa maikuromita kashi ɗaya ce cikin 1000 na milimita. Idan haske ya ratsa abu mai ƙananan zane sai ya bazu, kamar ruwan noman rani da ya bi ta ƙaramar kafa ya watsu a fangali. Gwargwadon ƙanƙantar zanen, gwargwadon faɗin bazuwar. Kuma bayanin ƙananan zanen nan yana cikin hasken da ya bazu gefe, ba cikin wanda ya wuce ɗoɗar ba. Gilashin da ke iya tattaro haske daga kusurwa mai faɗi shi ke fitar da ƙananan abubuwa.

Wannan ƙarfin tattarowa shi ake kira NA, kuma yana rubuce a jikin kowane gilashin ƙasa bayan lambar girma: 10/0.25, 40/0.65, 100/1.25. Lissafin Abbe shi ne a raba zangon haske da NA ninki biyu. Gilashi mai 10 zai raba ɗigo biyu da ke da tazarar maikuromita 1.1, mai 40 ya kai 0.42, mai 100 ya kai 0.22. A nan madubin haske na yau da kullum ya tsaya. Jan ƙwayar jini faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, zoben maleriya, wato ƙwayar cutar tana ƙarama mai siffar zobe, da ke cikinta 1 zuwa 2, jan ɗigon da ke kan zoben kuwa bai kai 1 ba. Ƙwayar cutar shan inna kimanin 0.03 ce, babu madubin haske irin namu da zai nuna ta. Girma mai amfani ba ya wuce NA sau 1000. Don haka idan mai sayarwa ya ce maka madubinsa na kai 2000, ka ce ya nuna maka lambar NA.

Akwai sharaɗi a lissafin nan, kuma shi ne abin da ya faru da ɗalibina. Wancan ninki biyu ba ya samuwa sai kwandensa, wato gilashin da ke ƙarƙashin teburin silaid, ta aiko haske mai faɗin da zai cika bakin gilashin ƙasa. Idan an sauke ta ƙasa, ko an tsuke ƙofarta, ƙarfin madubin zai iya raguwa har kusan rabi, gefen kowane abu ya yi kauri da baƙin zobe, jan ɗigo da shuɗin zobe su saje da dattin rini.

Saita madubi, daga farko

Ɗauki madubi da hannu biyu, ɗaya a wuya ɗaya a gindi, ka ajiye a tebur da ba ya rawa. Rage hasken fitila kafin ka kunna. Juyo gilashi mai 10, wanda akasari ke da rawayan zobe a jikinsa. Mai 4 ja ne, mai 40 shuɗi, mai 100 fari. Ko da jinin maleriya za ka duba, da mai 10 ake farawa, domin filinsa na da faɗi kuma yana nesa da silaid.

Ka tabbata fuskar da aka shafa jini ita ke sama. Wannan kuskure yana cin lokacin mutane ƙwarai, saboda silaid da aka kife zai fito lafiya a mai 10, amma a mai 100 ba zai taɓa fitowa ba: kaurin silaid kusan milimita 1 ne, shi kuwa mai 100 yana aiki ne a tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Karkata silaid ga haske, fuskar da ba ta ƙyalli ita ce mai jini.

Kana kallo daga gefe, ba ta gilashin ido ba, ka ɗaga tebur da babban mamurɗi har ya kusanci gilashi. Sannan ka sa ido, ka riƙa sauke shi a hankali har hoto ya bayyana, ka ƙarasa da ƙaramin mamurɗi. Kullum idan idonka na ciki, nisantawa ake yi, ba kusantowa ba. Da wannan ɗabi'a ba za ka fasa silaid ba.

Daidaita tazarar gilasan ido biyu har da'ira biyu su zama ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yana da zobe mai juyawa. Rufe idon da ke wannan ɓangare, ka fito da hoto tas da ƙaramin mamurɗi, sannan ka rufe ɗayan, ka gyara da zoben kaɗai. Masu ciwon kai bayan awa biyu a kan madubi, yawancinsu wannan matakin suke tsallakewa.

Sai saitin haske, wanda August Köhler ya tsara a 1893, kuma har yau sunansa ake kira. Manufarsa haske ya shimfiɗu daidai a ko'ina cikin fili, hoton fitilar kanta kada ya fito a kan na jini. Madubai masu kyau suna da ƙofar haske biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta ƙasa, wadda ke kan fitila, tana iyakance faɗin wurin da ake haskawa. Ta jikin kwandensa tana iyakance faɗin kusurwar hasken.

Bayan hoto ya zauna a mai 10, tsuke ƙofar fitila har ka ga ƙaramar da'irar haske a tsakiyar duhu. Ɗaga kwandensa ko ka sauke ta har gefen da'irar ya fito da kaifi. Za ka tarar ta tsaya dab da silaid, kusan ƙarshen sama. Idan da'irar ta karkace gefe, akwai ƙananan kusoshi biyu a jikin kwandensa da za su kawo ta tsakiya. Sai ka buɗe ƙofar a hankali har gefenta ya ɓace daga fili, ka tsaya nan. Buɗewa fiye da haka na shigo da hasken banza da ke wanke hoto.

Yanzu zare gilashin ido ɗaya ka leƙa cikin bututu daga ɗan nesa. Da'irar haske da ka hango ita ce bayan gilashin ƙasa. Motsa ƙofar kwandensa har haske ya cika kamar kashi uku cikin huɗu na faɗin da'irar, ka mayar da gilashin ido. Duk sa'ad da ka canza gilashin ƙasa sai ka sake taɓa ƙofar nan, tunda kowanne da NA ɗinsa. A mai 100 kusan buɗe ta ake yi gaba ɗaya.

Da yawa daga madubanmu na ƙananan asibitoci ba su da ƙofar fitila. Ba laifi. Ɗaga kwandensa har ƙarshe, ka sauke ta ɗan kaɗan, ka saita ƙofarta kamar yadda na faɗa. Idan mai madubin haskawa ne a ƙasa maimakon fitila, yi amfani da shimfiɗaɗɗiyar fuskar muddin akwai kwandensa, ka ɗauko haske daga farin gajimare ko farin bango. Kada ka kuskura ka fuskantar da shi ga rana kai tsaye, yana iya lalata ido har abada.

Abu ɗaya nake roƙon ka riƙe: idan haske ya yi maka yawa, rage shi daga mamurɗin fitila. Ƙofar kwandensa ba ta rage haske ba ce. Inda ake tsuke ta da gangan shi ne a abin da ba a rina ba, kamar fitsari ko bayan gida da aka jiƙa da ruwan gishiri. Ƙwan tsargiya a fitsari babba ne, ya kai kimanin maikuromita 150, amma kusan garau yake kamar ruwa, sai an ɗan tsuke ƙofa gefensa da ƙayar da ke ƙarshensa su fito. A nan ka sayar da kaifi ka sayi bambanci, kuma cinikin ya yi riba. A jinin da aka rina kuwa launi ya riga ya ba ka bambanci, kaifi kake nema.

Idan ka juya zuwa mai 40, hoton zai kusan zama a wurinsa, ƙaramin mamurɗi kaɗai za ka taɓa. Lambar 0.17 da ke jikinsa kaurin siririn murfin gilashi ce da aka ƙera shi ya duba ta cikinsa. Murfi biyu da suka manne, ko rashin murfi, kan sa hotonsa ya yi hazo.

Mai, da dalilinsa

Hasken da ya fito daga gilashi ya shiga iska yana lanƙwashewa waje, wanda karkatarsa ta wuce digiri 41 ma ba ya fita, komawa ciki yake yi. Ka tuna kuwa wannan na gefe shi ne mai ɗauke da ƙananan bayanai. Shi ya sa busasshen gilashi ba ya kai NA 1. Man madubi lambarsa 1.515, daidai da ta gilashi. Idan ya cike tsakanin silaid da bakin gilashi, haske bai san ya bar gilashi ba, sai ya wuce a miƙe ya shiga. Tsoma siririyar sandar gilashi a kwalbar man, za ka ga ta kusan ɓacewa. Ta haka ma ake gane mai na gaske.

Nemo wuri mai kyau da mai 10. Juya majuyin gilasai rabi, yadda babu wanda ke kan silaid, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a inda haske ke fitowa, ka shigo da mai 100 ta hanyar da mai 40 ba zai ratsa cikin man ba. Mai 40 dogo ne, yana lasar mai, kuma ba a ƙera shi don haka ba. Yawancin masu 40 da ake cewa sun mutu, busasshen mai ne a bakinsu. Buɗe ƙofar kwandensa, ƙara hasken fitila, ka murɗa ƙaramin mamurɗi kaɗan-kaɗan. Idan hoto na zuwa yana ɓacewa, ko wani gefe ya yi duhu, kumfar iska ce a cikin man. Kaɗa gilashin gefe ka dawo da shi.

Na san ana ƙarancin kaya, na kuma ga inda ake ɗiga man farafin, har da man girki. Lambarsu ba ta kai ta gilashi ba, hoto ba ya fita yadda ya kamata, wasu kuma suna daskarewa a bakin gilashi. Kwalba ɗaya ta man gaske tana yin silaid ɗaruruwa, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin gilashi mai 100 ba.

A wannan girma, kaurin abin da ke fitowa tas a lokaci guda bai kai maikuromita 1 ba. Saboda haka hannu ɗaya na tura silaid, ɗayan ba ya barin ƙaramin mamurɗi, kana ɗan lilo da shi sama da ƙasa a kowane fili. Da rinin Giemsa, wanda aka haɗa da ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 7.2, ƙwayar maleriya na fitowa da jan ɗigo da shuɗin jiki. Sai ka ga launukan nan biyu tare da siffa kafin ka kira abu ƙwaya. Filin da kake kallo ƙarami ne ƙwarai: idan an rubuta 18 a gilashin idonka, raba ta da 100, faɗin filin milimita 0.18 ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba aƙalla fili 100 na kaurin shafi, wato jinin da aka shafa da kauri a silaid, kafin a ce babu. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa da ya fara ganin ƙwayar nan a garin Kusantina na Aljeriya a watan Nuwamba 1880, a ɗanyen jini ya gan ta, ba rini. Kayan da ke gabanka sun fi nasa nesa ba kusa ba.

Idan datti ya bayyana

Kafin ka goge komai, gano inda dattin yake. Juya gilashin ido: idan ɗigon ya juya tare da shi, a nan yake. Tura silaid: idan ya bi shi, na silaid ne. Canza gilashin ƙasa: idan ya ɓace, na wancan gilashin ne. Idan ya ɓace ko ya fito yayin da kake motsa kwandensa, duba samanta da gilashin fitila. Wanda ke yawo duk inda ka kai ido kuwa a cikin idonka yake, ba matsala ba ce.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma yashi na karce gilashi. Fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa takardar goge gilashi a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, kowane shafi da sabon wuri. Ban da bakin riga, ban da takardar bayan gida. Da damina kuma abokin gaba shi ne fumfuna, wadda ke tsirowa a cikin gilashi kamar saƙar gizo ta ci fuskarsa, kuma idan ta ci ba ta gyaruwa. Ajiye madubi a akwati mai rufi tare da ƙullin silika mai shan danshi, ka riƙa busar da shi idan launinsa ya canza.

Da ka tashi daga aiki, goge man da ke bakin mai 100 nan take tun bai bushe ba, ka duba bakin mai 40 ko ya lasa. Cire silaid, goge tebur, juyo gilashi mafi ƙanƙanta, rage fitila sannan ka kashe. Kada ka bar bututu a buɗe ba gilashin ido, ƙura za ta sauka har kan gilasan ciki inda hannunka ba ya kaiwa. Kwandensa kuwa bar ta a sama inda ka saita ta, ka lulluɓe madubin da rigarsa.